Littattafan da suka tono min maganar aminiyar da na gudu na bari

Jama'a sallama. Na kusa wata biyu ina juya wannan rubutun a raina, in rubuta in goge, dan na san yanda maganar take a wajenmu, kana buɗe baki an riga an yanke maka hukunci tun kafin ka kai aya. Toh bari in faɗa tun daga farko, ni ba malama bace, ban zo bada fatawa ba, abinda addininmu ya ce game da luwaɗi da maɗigo na sani kun sani, tun muna islamiyya aka karantar damu. Maganar da ta dame ni daban ce. Wasu littattafan hikaya ne na marubutan Afirka da na karanta a 'yan shekarun nan suka hana ni sukuni, saboda duk wanda na buɗe sai naga tambaya ɗaya tana kallona: ranar da aka nuna wani da yatsa aka ce shi ne, ina abokansa suke tsayawa?

Wanda ya fara kama ni shi ne Under the Udala Trees na Chinelo Okparanta, 'yar Fatakwal ce, littafin ya fito a 2015. Udala ɗin nan ba wani abu bane illa agwaluma, wadda muke saya a baro lokacin sanyi muna tsotsa muna yatsina fuska. Labarin yana farawa ne a tsakiyar yaƙin Biyafara, 1968, wata yarinya 'yar ƙabilar Ibo mai suna Ijeoma tana shekara 11 jirgin yaƙi ya yi ruwan bama-bamai a garinsu Ojoto, babanta ya ƙi shiga ramin da ake ɓuya, ya mutu a cikin gida. Uwar ta rasa yanda zata yi da kanta balle 'ya, sai ta kai ta Nnewi gidan wani malamin makaranta da matarsa tana musu aikatau. A can ne wata rana ta haɗu da wata yarinya a gindin bishiyar agwaluma, yarinyar duk ta yi butu-butu, yaƙi ya cinye mata kowa nata. Sunanta Amina. Bahaushiya ce.

Wallahi da na zo wajen nan sai da na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Ku duba fa, lokacin da Ibo da Hausawa ke kallon juna a matsayin abokan gaba, an zubar da jini a 1966, ana kan zubarwa, sai ga yara biyu marayu suna kwana kan shimfiɗa ɗaya suna cin abinci kwano ɗaya suna wanka a famfo ɗaya. Marubuciyar bata yi gaggawa ba, ta bar ƙawancen ya girma a hankali yanda ƙawancen yara yake girma, har ya zama wani abu da su kansu basu san sunansa ba. Malamin ya kama su, aka aika wa uwar Ijeoma, ta zo ta ɗauke 'yarta zuwa Aba ta zaunar da ita kullum da Baibul a gaba, suna bin sa aya-aya dan a cire mata abin daga rai. Abinda yasa na yarda da littafin shi ne bata mai da uwar nan dodo ba. Uwa ce da ta rasa miji, take ganin 'yarta tilo zata faɗa wuta, duk abinda take yi tsoro ne da so suka cakuɗe. Duk wadda ta haihu zata gane ta ko da bata goyi bayan yanda tayi ba.

Amma akwai inda nake da ƙorafi, kuma ƙorafin nan har yau yana cina. Amina bata samu bakin magana ba. Komai ta idon Ijeoma muke gani. Sun sake haɗuwa a makarantar kwana, daga baya Amina tayi wani mugun mafarki na azaba da tashin duniya, ta tsorata ta ja baya, ƙarshe ta auri wani Bahaushe ta ɓace daga labarin. Shikenan. Ni kuma ita nake son bi. Wane gari aka kai ta? Da aka ɗaura auren aka watse aka bar ta a ɗaki, me ta tuna? Yarinyar da ta rasa iyaye, ta tashi a hannun mutanen da ba yarenta ba addininta ba, sannan mutum ɗaya da ta riƙe ta a duniya aka ce mata ita ce hanyar wutarta. Wannan littafi ne guda da ba a rubuta ba, kuma bana jin wani zai iya rubuta shi in ba ɗaya daga cikinmu ba.

Akwai wani waje can gaba da ban so in tuna ba amma dole. Bayan Ijeoma ta girma, wata malamar makaranta mai suna Ndidi ta riƙa kai ta wani ɓoyayyen waje da mata irinsu ke taruwa da dare, sai wata rana mutanen gari suka dira wajen. Waɗanda suka samu ɓuya suka ɓuya, da gari ya waye suka fito suka tarar an ƙona ɗaya daga cikinsu, Adanna. Daga nan ne tsoro yasa Ijeoma ta yarda ta auri Chibundu abokin wasanta na yarinta, auren da ya cuce ta ya cuce shi, dan shi ma ba mugu bane tun asali, zama da matar da zuciyarta bata wajensa ne ya mai da shi wani iri. A ƙarshen littafin marubuciyar ta saka 'yar sanarwa kan dokar da shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 7 ga Janairun 2014, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya shiga ƙungiyarsu ko ya taimaka ko ya nuna irin wannan soyayyar a bainar jama'a. Wata ɗaya kacal bayan haka, a Fabrairun 2014, wasu gungun mutane a unguwar Gishiri da ke Abuja suka bi gida-gida da sanduna cikin dare suna fito da samari fiye da goma suna duka. Kenan abinda ta rubuta ba daga sama ta tsinto shi ba.

Toh yanzu bari in faɗi dalilin da yasa abin ya tsaya min a wuya.

Nayi makarantar kwana ta 'yan mata, ba zan faɗi sunanta ba. Tun daga aji ɗaya nake da aminiya, gadonta na sama nawa na ƙasa, bokitinmu ɗaya, makullin lokarmu ɗaya muke rataye shi a wuya yau ni gobe ita. Ranar bizitin in Ummana ta kawo dambun nama ita ake fara miƙa wa, in nata suka zo da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari ni nake ajiyewa dan ita bata iya tattali ba, kwana uku zata rabar. Ita take min kitso ranar Asabar a bayan hostal, tana yi tana min karatun littattafan soyayyar da muke haya a ɓoye ana zagayawa da su ɗaki-ɗaki har bangon ya cire. Lokacin da nayi zazzaɓin taifot ita ta riƙa wanke min kaya sati biyu, har da wanda mutum baya so wani ya gani.

Muna aji biyar sai magana ta tashi. Wai an ganta da wata 'yar aji shida a ɗakin ajiye akwatuna bayan an kashe wuta. Wa ya gani? Wance ce tace wance ta faɗa mata. Kafin sallar asuba magana ta zagaye hostal huɗu, kafin karin kumallo an fara yi musu waƙa, firifet suka fito da su tsakar fili aka kewaye su ana ihu ana ce musu 'yan maɗigo, wasu na jifa da silifas wasu na watsa ruwan wanki. Ina tsaye a wajen. Bokitinmu na hannuna. Ta ɗago kai tana dube-dube cikin taron nan kuma na san ni take nema, da idonmu ya haɗu sai na sunkuyar da kai na koma bayan wata doguwa.

Har yau ban san ko abinda aka faɗa gaskiya bane. Ban tambaye ta ba. Abinda na sani shi ne a ranar lissafin da nake yi ɗaya ne, kowa ya san ni ce aminiyarta, in na matsa kusa da ita za a ce nima ciki nake. Da metiron ta kira ni ofis tace ke da kuke kwana waje ɗaya me kika sani, sai nace ai Anti mun daɗe da ɓatawa. Ƙarya nayi. Daren jiyan ranar tare muka sha gari.

Bayan kwana uku aka kira iyayensu aka kore su a gaban asambuli. Yayanta ne yazo ɗaukarta, ya ɗora akwatin ƙarfenta a ka yana tafiya gaba ko waiwayowa baya yi, ita tana binsa a baya da katifa a naɗe. Da na koma ɗaki na buɗe loka sai na tarar ta bar min rabin garin da sukarin a ƙulle cikin leda, da makullin a kai. Ban iya sha ba, ban kuma iya zubarwa ba, har ya yi tsutsa.

Shekara kusan 20 kenan, nayi aure na haihu, na binne maganar. Littafi ne ya tono ta.

Bayan na Okparanta sai na shiga neman irinsu. Akwai wani gajeren labari, Jambula Tree, na Monica Arac de Nyeko 'yar Yuganda, shi ya ci gasar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2007. Shafuka kaɗan ne amma ya fi wasu manyan littattafan nauyi. Wata ce mai suna Anyango take magana da ƙawarta Sanyu kamar wasiƙa, sun tashi tare a rukunin gidajen Nakawa a Kamfala, wata maƙwabciya Mama Atim, irin matan nan da basu da aiki sai zama a ƙofa suna ƙirga wanda ya shiga da wanda ya fita, ta haske su da tocila a gindin bishiya, aka tura Sanyu Landan, ita kuma Anyango aka bar ta da unguwa da bakin mutane. Abinda ya burge ni shi ne yawancin labarin ba akan daren nan yake ba, akan unguwar yake, matan da ke gulma, iyayen da ke fama da talauci, yara biyu da suka yi wa juna alƙawarin ba zasu ƙare kamar matan layinsu ba. Kowace unguwa a garin nan tana da Mama Atim ɗinta, kun san ta na san ta. Daga wannan labarin ne Wanuri Kahiu ta Kenya ta shirya fim a 2018, aka nuna shi a bikin fina-finai na Kan a Faransa, fim ɗin Kenya na farko da ya samu haka, hukumar tace fina-finan ƙasarsu kuma ta haramta shi, sai da kotu ta ɗage haramcin na kwana 7 kacal a watan Satumba. Sunan fim ɗin Rafiki, wato aboki ko ƙawa da Suwahili, kalmar daga Larabci take. Sunan kaɗai ya isa mutum ya tsaya yayi tunani, dan a irin waɗannan wuraren kalmar ƙawa ita ce rumfar da mutum zai fake, kuma ita ce ta farko da zargi ke ƙonawa.

Amma littafin da ya fi kama ni da laifi dumu-dumu shi ne The Hairdresser of Harare na Tendai Huchu ɗan Zimbabuwe, 2010. Mai bada labarin Vimbai ce, gwanar gyaran gashi a wani shago a Harare, tana ji da kanta, sai ga wani saurayi Dumisani yazo neman aiki ya fi ta iyawa ya kwashe mata kwastomomi. Da farko kishi, daga baya ya kama hayar ɗaki a gidanta, ya shaƙu da 'yarta, ya kai ta wajen danginsa masu kuɗi suka karɓe ta hannu bibbiyu, har ta fara ganin aure. Sai ta ci karo da littafin da yake rubuta sirrinsa ta gane cewa da namiji yake tare, kuma mijin wata minista ce da ke zuwa gyaran gashi. Cikin zafin rai ta kwashi maganar ta kai wa ministar. Aka sa 'yan daba suka yi masa dukan kawo wuƙa, da ƙyar ya rayu, ƙarshe barin ƙasar yayi. Huchu bai sa Vimbai ta zama wata muguwa ba, mace ce kamar ni kamar ke, tana zuwa ibada, tana son 'yarta, kuma tana da dalilin jin haushi dan an yi amfani da ita an rufe ido da ita. Amma ranar da ta tsaya kan gadon asibiti ta ga abinda bakinta ya jawo, babu wani dalili da ya rage mata. Ni ban kai ƙarar kowa ba, nace wa kaina haka ya fi sau ɗari. Sai dai kalmar nan da na faɗa wa metiron, mun daɗe da ɓatawa, ita ma shaida ce, dan ma'anarta ko aminiyarta ta guje ta, ruwa baya tsami banza.

Akwai wani na Senegal kuma, shi ban karanta da kaina ba dan da Faransanci yake, wani ɗan yayar Ummana da ke koyarwa a Maraɗi ne ya riƙa karantawa yana fassara min ta WhatsApp, muryar minti goma-goma, har muka gama. Sunansa De purs hommes, na Mohamed Mbougar Sarr, 2018. Yana farawa ne da bidiyo a waya: taron jama'a sun je maƙabarta sun tono gawar wani saurayi sun ja ta waje, wai shi goor-jigeen ne, da yaren Wolof namiji-mace kenan, kusan abinda muke ce wa ɗan daudu, dan haka bai cancanci kwanciya cikin musulmi ba. Mai bada labarin malamin jami'a ne a Dakar, Ndéné Gueye, da farko ko a jikinsa, amma bidiyon ya ƙi barin kansa har sai da ya nemo uwar mamacin. Ashe da aka hana ta ko'ina, a tsakar gidanta ta binne ɗanta. Da ɗan'uwan nan nawa ya zo wajen sai naji muryarsa ta canza, yayi shiru, yace Anti bari sai gobe. Baban Ndéné kuma mai jan sallah ne a masallacin unguwa, mutum mai tsauri, amma dan kawai ya ce a yi wa mamacin addu'a a bar wa Allah hukunci sai jama'a suka juya masa baya.

In kuna ganin ƙirƙira ce ta yi yawa, a Oktoban 2023 an yi haka a zahiri a Kaulaha, garin da dubban mutanenmu ke zuwa ziyara da Maulidi, aka tono gawa aka cinna mata wuta ana ɗauka a waya, har hukuma ta kama wasu. Shi kuma Sarr da ya ci kyautar Goncourt, babbar kyautar adabi ta Faransa, da wani littafinsa daban a 2021 yana shekara 31, baƙar fata na farko daga Afirka kudu da Sahara da ya ci, an yi ta murna a Senegal kwana biyu, sai aka tuno da wancan littafin aka koma zaginsa a soshiyal midiya har wasu na janye taya murnar da suka yi. Ni dai tambayata, a wane littafin fiƙihu aka ce a tono gawa? Mu da aka koya mana cewa ko zina sai da shaidu huɗu da suka gani da ido, wanda ya yi ƙazafi bai kawo su ba bulala 80 ce a kansa, mu da aka hana mu bin diddigin asirin mutane a Suratul Hujurat, aka ce wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa. Duk wannan karatun muna da shi a ka ranar da muka kewaye yaran nan biyu a tsakar hostal, akwai masu izu 30 a cikinmu, ba wadda ta tuna ko ɗaya.

Na san abinda wasu zasu ce, wai duk wannan aikin Turawa ne, su ke biyan marubutan nan su ɓata mana tarbiyya. Bari in faɗi inda na yarda da inda ban yarda ba. Gaskiya ne yawancin littattafan nan a Landan da Amurka da Faransa ake buga su, can ake basu kyaututtuka, kuɗin guda ɗaya a nan sai ya yi cefanen kwana biyu, kuma wani lokacin kana karantawa kana jin cewa ba kai ake wa bayani ba, wani ne can da bai san garin ba. Wannan yana damuna. Amma cewa mutanen da ke cikin labaran baƙi ne, wannan kam ba haka bane. Jude Dibia a Legas ya rubuta Walking with Shadows tun 2005, labarin magidanci mai mata da 'ya da wani abokin aiki ya tona masa asiri dan ramuwar gayya, kuma a gida Najeriya aka fara buga shi. Arinze Ifeakandu da ya ci kyautar Dylan Thomas ta matasan marubuta a 2023 da tarin labaransa God's Children Are Little Broken Things, a Kano aka haife shi a 1995, a nan ya tashi, kuma Kano na cikin littafin. Kalmomin ɗan daudu da maɗigo da luwaɗi ba Bature ne ya koya mana su ba, kakanninmu sun san su. Mun tashi muna ganin 'yan daudu suna soya kaji da waina a tasha da wajen biki, ana sayen abincinsu ana tsokanarsu ana dariya, malamai na wa'azi a kansu, amma ban taɓa jin an ce an tono kabarin wani ba. Wani abu ya canza a zukatanmu, kuma marubutan nan shi suke nunawa.

Namu littattafan na Hausa kuma, waɗanda ake sakawa a guruf-guruf ana biya ta asusu, sun taɓo maganar ba sau ɗaya ba, amma kusan kullum fuska ɗaya ce: wata hamshaƙiyar Hajiya mai mota tana yaudarar 'yar talaka da waya da atamfa, ƙarshe ta haukace ko ta yi mummunar mutuwa a tashi. Ban ce babu irin wannan ba. Akwai, kuma akwai siniyoyin da ke tilasta wa ƙananan yara a makarantun kwana, wannan zalunci ne tsagwaronsa, duk wanda ya yi shi a hukunta shi ko mace ko namiji. Amma in dai wannan ce kaɗai fuskar da muke rubutawa, toh ranar da abin ya faɗo kan 'yar ɗakinku, wadda kika san bata taɓa cutar ko ƙuda ba, wadda ta wanke miki kaya kina ciwo, ba ki da wani labari a kanki da zai gaya miki yanda zaki yi. Sai ki yi abinda taro ke yi.

Kuma abin bai tsaya kan waɗanda ake zargi ba, ya shiga cikin zumuncin kowa. Babana Allah ya jiƙansa yana da amini tun na ƙuruciya, in sun taso daga masallacin Juma'a hannunsu sarƙe da na juna suke tafiya har gida suna hira, dattawa masu furfura, ba wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Haka muka ga samari a da, a rungume kafaɗa, a kwana ɗaki ɗaya a shago, a ci a kwano ɗaya. Kwanaki ɗana mai shekara 12 ya dawo daga makaranta yace min shi ya daina zama benci ɗaya da abokinsa dan 'yan ajinsu sun fara kiransu da wani suna. Yara 'yan shekara 12 fa. Na zaunar da shi nace gobe ka koma bencinku, in an sake faɗa ka zo ka gaya min ni zan je makarantar. Yace Umma ke baki san yanda abin yake bane. Nace masa na sani.

A daren ne na shiga guruf ɗin tsofaffin ɗaliban ajinmu, mu 80 da wani abu, na duba sunaye ɗaya bayan ɗaya duk da na san bata ciki, ba wadda ta taɓa cewa a saka ta. Na bi wata da suke gari ɗaya ta fraibet nace dan Allah ko kina da lambar wance. Tace me zaki yi da ita, nace bashi take bina. Bayan kwana biyu ta turo.

Sati guda lambar tana wayata ban taɓa ba. Ranar Lahadin da ta wuce bayan isha'i na rubuta mata sallama, na faɗi sunana da sunan hostal ɗinmu, nace ni ce mai gadon ƙasa, nace ranar nan na ganki kina nemana na ɓuya, kuma na ce wa metiron mun ɓata alhali ƙarya ne, ki yafe min in zaki iya. Alamar ta nuna ta karanta tun a daren. Bata ce komai ba sai ranar Laraba da rana ina tsakiyar tankaɗe, naji wayar ta yi ƙara, na goge hannu a zani na duba. Layi biyu ne. Tace ta gane ni tun kafin in faɗi gadon. Sannan tace, kin sha garin kuwa?

Ban bata amsa ba tukuna, na dai tambaye ta ko zan iya kiranta ranar Asabar, tace bayan la'asar in yara sun tafi islamiyya.